Zango Biyu da Suka Rage wa Mode

Duk wanda ya taɓa sayen guga a kasuwar Bodinga shekarun baya, da wuya in ba hannun Mode ne ya ɗinka shi ba. Dogo ne siriri, mai ƙaton maƙogwaro, yana zama a layin masu igiya da robar cikin taya a kan cinya da basilla a baki. Ranar kasuwar Shagari ma yana can, a kan kekensa da ya girmi wasu 'ya'yansa. Gugansa ba ya yoyo, shi kuma ba ya ragi, in ka matsa masa sai ya ce ka je ka ɗebi ruwa da hularka. Amma a ƙauyensu, Tungar Modibbo, can tsakanin Sifawa da Danchadi, ba wanda ke ce masa mai guga. Mai Zagaye ake ce masa, kuma wannan suna ya fi masa komai da ya mallaka.

Mutanen Tunga sun ce garinsu wani malami ne ya kafa shi, Modibbo Sa'adu, ɗaya daga cikin masu neman ilimi da suka zauna Sifawa a zamanin Shehu. Aka haɗa shi da iyalai kaɗan, manoma da makiyaya, ya zo ya sauka a nan. Shi ne liman, shi ne alƙali, shi ne mai raba ruwa in rani ya tsananta. Sun ce bai taɓa karantar da kowa yana zaune a kan buzu ba. A tafe yake karantarwa, yana duba rijiya, yana duba iyakar gona, almajiransa na biye. Saboda haka da ya rasu sai aka riƙe tarihinsa yadda ya riƙe karatunsa. Ba a rubuta shi ba, ba a kuma ba da shi a zaune. Sau ɗaya a shekara, kashegarin cika-ciki, ake fita da safe a bi sawunsa zango shida, daga tsamiyar da ya fara sauka har zuwa kabarinsa. Mai Zagaye na gaba da sanda, magajinsa na bayansa riƙe da buta, jama'a na biye. A kowane zango sai a tsaya, a ji abin da ya faru a wurin.

Mata ma suna fita, amma iyakarsu zango na biyu, wato rijiya. Da an gama labarin rijiya sai Mai Zagaye ya juya ya ce mata su koma gida, don hanyar gaba maƙabarta ta nufa, ga kuma tuwon sadaka yana jiran masu tuƙawa. Haka aka taras, ba wanda ya taɓa tambayar dalili fiye da wannan.

Mode yana da shekara goma sha tara ya ɗauki buta a bayan mahaifinsa, Malam Habibu, mutum mai zafin rai wanda ba ya maimaita magana. Shekara uku yana biye. Bayan zagayen jama'a kuma, duk ranar Alhamis tsohon kan fita da shi su biyu, ya sa shi a gaba ya ce ya faɗa. In ya yi tuntuɓe a suna ɗaya, ko a zango na biyar suke, ba gyara ba tunatarwa, sai dai ya nuna masa hanya da sanda, su koma tsamiya a sake daga farko. Kai, Mode ya sha rana a wannan hanya! Akwai ranar da suka koma tsamiya sau biyar, ya dawo gida yana hawaye, ga shi da gemu ya fara tsirowa. To, da haka labarin ya zauna masa, amma a ƙafa ya zauna. In ka same shi a rumfar kasuwa ka tambaye shi sunan matar da Modibbo ya yi wa hukunci a gindin kuka, sai ya yi ta sosa ƙeya. Amma ka sa shi a kan hanyar nan, ƙafarsa ta taka inda ta saba, sai magana ta riƙa zubowa kamar an kwance bakin salka.

Shekara talatin da takwas ya yi yana jan zagayen nan, kuma gaskiya ita ce ya fi ubansa iyawa. A gindin kuka, zango na uku, nan yake ba da labarin yadda shanun ɗan Modibbo na cikinsa suka cinye geron wata tsohuwa marar kowa, Modibbo ya sa ɗan nasa ya nome mata gona damina biyu, yana kwana a ƙofar bukkarta. In Mode ya zo wurin sai ya rage murya, ka ga manyan mutane suna share ido da bakin rawani. Daga nan sai fako inda aka yi roƙon ruwa, sai mashaya inda aka yanke wa shanu ranarsu da lambu ranarsa, da sunayen mutum arba'in da ɗaya da suka shaida, kowa da gidan da ya fito. A kabari kuma sai wasiyya, wadda Modibbo ya bar wa garin, cikin tsohuwar Hausa mai gauraye da Fillanci. Jama'a su ce amin, su shafa, su koma su ci tuwo. Kowa ya san kan labarin sama-sama, amma ba wanda ya wahalar da kansa ya riƙe, ai ga Mode nan.

Shi kuwa Mode, Allah Ya gafarta mana, yana da ji da kai a kan abin nan. Wani malamin firamare da aka turo daga Tambuwal, Malam Lukman, ya bi zagaye shekararsa ta farko, abin ya shige shi. Ya zo har gida da littafi da biro, ya durƙusa ya roƙi a bar shi ya rubuta. Mode ya dube shi sama da ƙasa, ya ce tarihin Modibbo ba lissafin 'yan aji uku ba ne, takarda gara ke ci, kansa kuwa gara ba ta shiga. Malam Lukman ya sake zuwa baɗi, ya sake zuwa shekarar gaba, daga nan ya haƙura, sai gaisuwa.

'Ya'yansa da suka rayu biyu ne, Nusaiba babba, sai Aminu. Tun tana ƙarama Nusaiba ke kutsawa gaban mata a ranar zagaye, har kusa da sandarsa. Tana shekara goma sha biyar ta same shi yana sare roba, ta ce tunda Aminu ƙarami ne, ya bar ta ta riƙe buta kafin ya girma. Mode ya yi dariya har basilla ta faɗi daga bakinsa. Ya ba abokansa labari a kasuwa, su ma suka yi dariya. Ita ba ta sake tada zancen ba, ta tafi makarantar koyon aikin lafiya, ta yi aure a Shagari, ta kama aiki a wani ƙaramin asibiti a can. Amma duk kashegarin cika-ciki tana Tunga, tana bi har rijiya, ta juya tare da mata.

Aminu ya riƙe buta shekara ɗaya tak. Sai ya bi motar albasa zuwa Fatakwal, ya ce zai dawo kafin damina. Damina ta zo ta wuce, ya sami rumfa a can, ya yi aure, ya haihu. Yaro ne mai kirki, yana aike, yana kira, kuma duk shekara amsarsa ɗaya ce, baɗi in Allah Ya yarda. Mode ya yi zagaye shekara shida babu kowa a bayansa. Ɗan ƙanensa ya nemi butar, ya hana, ya ce daga uba sai ɗa. A shekara ta bakwai sai ya yi abin da yake ganin dabara ce. Ya ce ba zai sake fita ba sai Aminu ya dawo, don ya tabbata in labari ya kai wa yaron cewa zagayen Modibbo ya tsaya saboda shi, kunya za ta kawo shi ko da ƙafa. Dattawa suka zo suka ba shi baki, liman ya zo, Mode ya kafe. Shekara ta farko gari ya yi ta magana. Ta biyu aka yi tuwon sadaka kawai. Ta uku da ta huɗu, wallahi, wasu ma ba su tuna ranar ba.

Ranar wata kasuwar Bodinga, yana tsakiyar ɗinki, basilla ta suɓuce daga hannunsa na dama. Ya kai hannu ya ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. Ya buɗe baki ya kira maƙwabcinsa mai igiya, sai wani ƙara ya fito wanda shi kansa bai gane ba. Hawan jini ne ya buge shi, ya shanye masa ɓarin dama. Ya yi mako uku a asibiti a Sakkwato, Nusaiba na kansa. Magana ta dawo, a hankali, tana jan ƙafa. Hannu da ƙafar dama ba su dawo ba.

Ba ƙafar ce ta fara tsorata shi ba. Wata safiya ce liman ya shigo duba shi, mutumin da suka yi wasan ƙasa tare, Mode ya dube shi, ya san fuskar, ya san muryar, ya nemi sunan ya rasa. Bayan kwana biyu ya rasa sunan matarsa marigayiya, ya yi ta lalube har azahar kafin Mairo ta dawo masa. Nusaiba ba ta ɓoye masa ba, ta ce likita ya ce abin na iya tsayawa nan, yana kuma iya ci gaba. Ranar Mode bai ci abinci ba. Ya kwanta yana kallon azara, yana ƙoƙarin jero mutum arba'in da ɗaya na mashaya, ya kasa samun ko na farko. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, don ya san abin da ke cikin kansa babu shi a ko'ina a duniya, kan kuma ya fara yoyo.

Ya sa aka kira Aminu. Yaron ya yi kuka a waya, ya ce zai taso. To, ya taso ya yi me? Wa zai kai shi hanya shekara uku, wa zai maida shi tsamiya in ya yi tuntuɓe? Mode ya ce masa ya zauna ya kula da iyalinsa. Da aka kashe waya sai ya kira Nusaiba, bai iya kallon idonta ba.

"Ɗauko wayag ga taki," ya ce. "Wadda ka ɗaukar magana."

Ta zauna a gabansa ta kunna. Ya gyara murya, ya yi bismilla, ya yi salati, ya ce Modibbo Sa'adu ya taso daga Sifawa. Shi ke nan. Ya sake daga farko, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Kwana uku suna wannan, safe da yamma, ta kan yi masa tambaya ko zai kama bakin zaren, ina, babu. Rana ta uku ya bugi katifa da hannunsa mai rai.

"Ba shi zuwa zamne," ya ce. "Ku kai ni hanya."

Ba su jira cika-ciki ba, saura wata biyar, kuma ba wanda ya san abin da zai rage a kan Mode kafin lokacin. Aka ari amalanken shanu, aka shimfiɗa tabarma da matashi, aka ɗora shi. Dattawa huɗu suka fito, har da liman. Malam Lukman ma ya zo, yanzu shi ne shugaban makaranta, kansa ya yi furfura, da littafi a aljihu. Bai ce komai a kan shekarun baya ba, wannan shirun kuwa ya fi zagi ciwo a wurin Mode.

A gindin tsamiya ya gwada daga kan amalanke, bai samu ba. Ya ce a sauke shi. Mutum biyu suka tallafe shi ta hammata, aka cire masa takalmi, ƙafar hagu ta taka ƙasa. Allah Mai iko! Sai ga shi ya zo. Muryar ba ta da ƙarfin da, harshen yana nauyi, amma kalma ba ta ɓace ba: ranar da Modibbo ya sauka, iyalai tara da ke tare da shi, jakar da ta haihu a daren, abin da ya ce da ya ɗanɗani tsamiyar. Liman ya fara hawaye. Aka maida shi amalanke, aka je rijiya. An yi mata murfin siminti yanzu, amma bakin dutsen na nan, igiyoyin shekara ɗari biyu sun sassaƙe shi. Ya taka, labarin rijiya ma ya zo duka. Da ya kai ƙarshe sai ya juya, yadda ya saba juyawa shekara talatin da takwas, ya buɗe baki. Mace ɗaya ce a wurin, Nusaiba, tana riƙe da waya kusa da haɓarsa. Ya haɗiye maganar, ya ce a ci gaba.

Suka bi hanya tsakanin gonaki, shanu na tafiyarsu, ƙafar amalanke na kuka. Zuciyar Mode ta yi sanyi, har ya fara jin labarin kuka yana motsi a ƙirjinsa. Suna karya kwana sai hanya ta ƙare a jikin katangar bulo, doguwa, ta fi mutum tsayi.

Ba wanda ya faɗa masa, kowa ya ɗauka wani ya faɗa. A shekara ta biyu da daina fitarsa iskar farkon damina ta kayar da kukar, aka sassare ta. Magadan gonar suka sayar, wanda ya saya ya kewaye. Mai gadin wurin mutumin kirki ne, ya buɗe musu ƙofa. Ciki an baje ko'ina da jar ƙasa, ga tsibin yashi, ga bulo a jere. Aka sauke Mode, ya taka, ya jira. Shiru. Wani dattijo ya ce ba nan ba ne, kukar ta fi kusa da gabas. Aka ɗaga shi aka kai can. Liman ya ce a'a, ai daga gindinta ana hango hasumiyar masallaci. Aka sake ɗaga shi. Suka yi ta yawo da shi a cikin filin nan kamar buhu, ana sauke ƙafarsa nan, ana sauke ta can, tsakuwa na sukar tafinsa, ba abin da ya zo.

Sai ya tuna da mahaifinsa, ya ce a koma tsamiya a sake daga farko. Aka koma. Tsamiya ta zo, rijiya ta zo, aka zo katanga aka tsaya. Malam Lukman ya ba da shawara a tsallake kuka a tafi fako, tunda fako na nan yadda yake. Aka je. Mode ya san wurin sarai, ya san an yi roƙon ruwa a nan, amma ƙarshen labarin kuka shi ne ke buɗe na fako, haka aka ɗinka masa shi, ɗaya cikin ɗaya. Mashaya ma haka. Rana ta take, shanu sun fara kumfa. Nusaiba ta ɗaura masa abin awon jini a hannu, ta duba, ta ce ya isa. Ya roƙe ta, tsoho da ɗiyarsa, ya ce a kai shi kabari ko sau ɗaya ne.

Ta tsaya a bakin maƙabarta, ta miƙa wa Malam Lukman wayar. Aka tsayar da Mode a gaban tudun da aka kewaye da duwatsu. Ya yi sallama ga Modibbo, ya buɗe baki, ya rufe. Dattawan suka shiga taimako. Ɗaya ya ce wasiyyar da maganar ruwa take farawa, ɗaya ya rantse da maganar maraya ce, liman ya tuna akwai wata kalmar Fillanci a tsakiya amma bai san wacce ba. Mutanen nan sun ji ta fiye da sau talatin kowannensu. Malam Lukman ya rubuta layi uku, ya soke biyu. Mode yana tsaye a hannun mutane, hawaye na bin ɓarin fuskarsa da ba ya ji, ba shi da hannun da zai share. Aka yi fatiha aka juya.

Sun sake gwadawa sau biyu a cikin watan, ba abin da ya ƙaru. Daga baya jikin ya ƙi hawa amalanke.

Yanzu yana kwance a ɗakin da ke kusa da zaure, gugunan da bai gama ba suna rataye a bango. Nusaiba na zuwa daga Shagari duk Asabar da maganinsa. Wata Asabar da la'asar ya ce ta kunna masa abin da aka ɗauka. Ta ajiye wayar a kan matashi, ta zauna a gefen gado tana ɓare masa ƙwayoyi. Muryarsa ta cika ɗakin, tsamiya, iyalai tara, jakar da ta haihu. Yana saurare sai idonsa ya kai kan bakinta. Leɓɓanta na motsi. Ba ta ma san tana yi ba, hannunta na kan magani, amma tana biye da muryar kalma da kalma, har inda yake jan numfashi ita ma tana ja. Aka shiga labarin rijiya, sunayen masu haƙa su shida, ba ta yi tuntuɓe ko ɗaya ba, wani wuri ma ta riga wayar. A zaune take, ba ta taɓa riƙe buta ba, ba wanda ya taɓa maida ta tsamiya.

 Labarin rijiya ya ƙare, wayar ta koma kukan ƙafar amalanke. Ya miƙa hannun hagu ya kama nata.

"Ci gaba, ɗiyata," ya ce. "Daga nan sai mi?"

Ta ɗago ta dube shi. Babu fushi a fuskarta, sai gajiya da tausayi.

"Baba, ai nan ne kaka cewa mata su koma gida."

Bai saki hannunta ba. Wayar ta ci gaba da kukan amalanke, ba wanda ya kashe ta. Can ta zare hannunta a hankali, ta ɗago masa kai, ta ba shi maganin da ruwa.